Jar Karsanar Dabo

Hambali na ɗaurin kara a gonarsa, bayan Birnin Kudu, sai ya hango jar karsanar Dabo ta tsinke igiya ta faɗa cikin gyauron dawa.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san ɗanyen gyauro guba ne ga saniya. Hambali kuwa a cikin shanu aka haife shi. Tsawa ɗaya ta isa ta kore ta. Ya buɗe baki, ya mayar ya rufe.

Shekara biyu ke nan da annoba ta share masa garke, ko ɗan maraƙi ba ta bar masa ba. Dabo, ɗan kawunsa kuma maƙwabcinsa, biyu kacal ya rasa. Kamar hakan bai isa ba, ya je Gwaram ya dawo da wannan karsana mai sheƙi kamar an shafe ta da mai. Kullum sai ya biyo da ita ta ƙofar gidan Hambali yana washe baki: "Ɗan'uwa, ya ka gan ta? Ta yi?" Ran nan har cewa ya yi, "Turakunka sun ruɓe, ka sake su mana." Turaku! Ya ɗaure me a jiki, iska?

Haka Hambali ya duƙa ya ci gaba da ɗaurinsa, ƙyashi na cin ransa. Kafin azahar cikin karsanar ya kumbura tim. Kafin a zo da wuƙa ta zama mushe, ko nama ba a mora ba.

Daɗin da ya yi zaton zai ji bai zo ba. Kwana uku bai taɓa tuwo ba. In ya tayar da salla, ita yake gani tana shure-shure. Kaico, dabbar da ba ta yi masa komai ba!

Rana ta huɗu Dabo ya yi sallama, ya zauna a ƙasa, ido jawur. Hambali zai faɗi gaskiya, Dabo ya riga shi.

"Ka yafe mini, ɗan'uwa, sakacina ne, igiyar ta tsufa. Ka san dangi ba sa miƙa wa wanda ya rasa garke saniya sai da ciki, shi ya sa Baba Manu na Gwaram, da ya bayar da ita dominka, ya ce in riƙe ta tukuna. Ta kuwa ɗauka. Juma'ar nan muka shirya kawo maka ita. Tun ranar da na taho da ita, taka ce."