Tikiti Biyu Zuwa Pinhão

Anselmo ya tarar da matarsa Filomena a bakin ƙofa, akwatinta a hannu. Ya zaro tikitin jirgin ƙasa biyu.

"Mena, duba, Asabar za mu Pinhão. Na kama mana ɗaki a gonar inabi. Za mu shiga kwalekwale, mu ci gasasshen ɗan akuya, mu ɗanɗana giyar bana. Don Allah ajiye akwatin nan."

Ta kalli tikitin da ke hannunsa.

"Shekara sha tara ina roƙonka, kullum sai ka ce aiki."

"Na bar aikin! Jiya na bar shi!"

Ta kawar da kai.

"Na riga na je, Anselmo. Bara, lokacin tsinkar inabi. Kuma ba ni kaɗai ba."