Sitikar Ranar Zaɓe

"Baba, ƙuri'arka cinye tawa za ta yi," in ji ɗansa. "Mu zauna gida kawai, mu huta da asarar mai."

Tun tsohon yana haƙar kwal a jihar Kentucky ta Amurka jam'iyya ɗaya yake zaɓa wa shugaban ƙasa. Yanzu ramin ya rufe, gundumar kaf ta juya zuwa ɗaya jam'iyyar, har ɗansa, wanda shi ke kai shi a mota. Ya amince.

Da yamma ɗan ya dawo, wai daga kanti, da sitikar da ake ba wanda ya jefa ƙuri'a a ƙirji. Ya ɓamɓare ta, ya liƙa a tukunyar iskar da uban ke shaƙa.

"Ungo, Baba. Kai ma ka yi zaɓe."