Mai Kujerar Gaba

"Wannan ai kukan akuya ne, ba jaz ba," in ji Clovis mai ganga, da makaɗa suka sauka hutu.

Duk Lahadi da la'asar, shahararren ɗan fim Dalton Merrow yakan hau dandalinsu a New Orleans ya busa wata irin sarewa da ake kira kilarinet. Baƙi su yi ta tafi, makaɗa su sunkuyar da kai. Amma Mama Odile, tsohuwar mawaƙiyar unguwar, kullum tana kujerar gaba.

Clovis ya tare ta. "Mama, tsakaninki da Allah, mutumin nan ya iya?"

"Ko kusa. Yatsunsa kamar itace."

"To sunansa ne ya ruɗe ki?"

Ta daɗe tana kallon Dalton yana dariya da masu ɗaukar hoto.

"Da aka harbe ɗana Lucien, ni na sa hannu a asibiti aka cire huhunsa. Daga baya na gano wannan aka dasa wa. Shi bai san ko ni wace ce ba." Ta rungume jakarta. "Ba busar nake saurara ba, Clovis. Inda yake jan numfashi nake jira."