Gwangwani Uku a Rufin Karaban

Zauna, Sallau. Tun da ka shigo ƙafarka ke rawa, makullin babur kuma bai bar hannunka ba. Kwana huɗu kacal da aka damƙa maka gidan gonar nan, har ka fara ware tsofaffin ma'aikatan da za ka sallama. Bari in ba ka wani misali. In ka ga dama ka tashi a tsakiya, ai shi ma wanda zan ba ka labarinsa haka yake yi.

Wani malamin dabbobi ne, mai yi wa shanu allura. Ya san aikinsa, wannan ba na ja, amma mutum ne da wuri ɗaya ba ya riƙe shi, ko shayi a tsaye yake sha. Damuwarsa ita ce maganin rigakafi ba ya jure zafi, rugage kuma sun yi nisa da gari, kafin ya isa ƙanƙarar da ke cikin kularsa ta narke. Sai ya sayi wani tsohon karaban, ɗakin ƙarfen nan mai taya da masu aikin hanya ke ja a bayan mota, wanda suka tafi suka bari a bakin gari. Niyyarsa ya ɗora masa sola, ya sa firji, ya ja shi har ruga. Bai ko buga ƙusa ɗaya ba ya je ya yi wa wani arɗo alkawari: ruwan farko zai same shi a rugarsu da rigakafin ciwon huhu, a tara masa shanu.

Shekara tara wani tsohon maigadi yana kwana a karaban ɗin. Da ya kwashe tabarmarsa da butarsa, ya bar gwangwanayen madara uku rataye a rufi, kowanne da da'irar gawayi a samansa. Malamin ya dube su ya ce camfin tsofaffi ne, ya fizge ya jefar. Bazara ce, rana kamar ta dafa ƙwai. Ya hau rufin ya toshe ramukan da idonsa ya gani, ya ɗaure faifan sola biyu, ya sauko ya ja waya ta jikin bango, ya kawo falanki ya lulluɓe ciki gaba ɗaya, har da da'irorin gawayin. Batir da inbata, wato na'urar da ke ba firji wuta, ya kai su lungun da ya fi ko'ina tsabta, inda ƙasan ko ɗigon tsatsa babu. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya sa lungun ya yi tas haka ba.

Sau uku tsohon yana zuwa da sandarsa. To ka san tsofaffinmu, ba sa shiga magana sai sun tambayi gida da iyali da gajiya da zafi, sannan su gyara zama. Shi kuwa malamin da ƙusa a baki yake amsawa, kafin a kai ga gyaran zama ya haye babur ya tafi sayo wani abu. A zuwa na uku ma goro ya miƙa wa tsohon, a zatonsa abin da ya kawo shi ke nan. Goron nan har yau haushi yake ba ni.

Aiki dai ya yi kyau, ba ƙarya. Tarakta ta ja karaban har ruga, firji cike da magani, Fulani suna ta leƙe suna yabawa. Aka tsayar da cewa washegari da safe za a yi allura. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya kece. A ciki ko ɗigo bai gani ba, har ya fara murna. Ashe ruwan ya shiga ta gindin wata ƙusa a tsakiyar rufi, ya bi bayan falanki, ya gangaro lungun nan. Sai ƙauri, sai hayaƙi, fitila ta ɗauke, firji ya yi shiru. Ya shiga ya fita, ya taɓa nan ya taɓa can, amma wayoyin duk suna bayan falankin da ya buga da hannunsa. Kafin a samo wata inbata daga gari kwana biyu sun wuce, magani ya lalace. Arɗo ya sa aka kora shanu ɗari huɗu da aka tara. Damina ba ta ƙare ba sai da ciwon ya kashe musu sha ɗaya, kuma babu rugar da ta sake aiko masa.

Ranar da ya ɓamɓare falankin lungun, ga da'irar gawayi nan daidai saman inbata. Gwangwanin da ya jefar shi ya tare ruwan shekara tara, shi ya sa ƙasan ya yi tsabta.

Ya koma gari ya nemi tsohon. Wannan karon ya tuɓe takalmi ya zauna, aka gaisa har ƙarshe. Tsohon ya saurari abin da ya faru, sannan ya ce, "Ɗana, abin da ya kawo ni ke nan har sau uku. Sauran biyun ma suna nan, ɗaya a saman ƙofa, ɗaya daidai inda ka ajiye firji."

To Sallau, ajiye makullin nan. Kafin ka sallami kowa, je ka zauna su gaishe ka har ƙarshe, ka tambaye su inda suka rataye gwangwanayensu. Tun kafin a haife mu da kai Hausawa suka faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.