Kujerar da Babu Ƙusa

Ina aji uku a sakandare a Samaru na haɗa kujerata ta farko a ajin aikin katako. 'Yar tsugunno ce ta maɗaci, babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. A cinya na riƙo ta cikin bas har Muchia, ƙanshin sabon katako duk ya kama rigata.

Da la'asar na tarar da Baba a tsakar gida, ko takalman aiki bai cire ba. Ya karɓa, ya juya ta, ya bi mahaɗin ƙafafun da babban yatsa. Ya zauna a kai ya jijjiga, kujera ko gezau.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

Sannan ya ce, "Ta yi kyau ƙwarai. Ran Litinin ka ce su cire sunanka daga ajin nan. Ban sa ka boko don ka zama kafinta ba."

Na ce to.

Yau digirina na cikin akwati, aiki babu labari. Makon jiya ƙafar gadona ta karye. Na daɗe ina kallonta, na rasa ta inda zan fara, sai na tura bulo a ƙarƙashi.