Kajin Dogo Sun Ƙi Ƙiba

Dogo ya sunkuya da kyar, ya cafko kaza ya ɗora a sikeli. Allurar ta ɗan motsa kamar mai jin kunya, ta tsaya. Lokacin yanka ya yi, amma kajin nan ba su fi tattabaru ba.

Shi ne fa ya cika unguwa da baki. Da masara ta yi tsada, ya ce shi da dawa zai yi kiwo: a barza ta, a haɗa da dusa da waken soya, a barbaɗa garin ƙarin kuzari na gwangwani, sai ka ga kaza ta kasa ɗaukar kanta. Masu sayen buhun abincin kaji na kamfani kuwa, ya ce kuɗi ne ke musu ƙaiƙayi. Har mai gidan abincin bakin titi ya yi alkawarin kwashe kajin duka.

Da yake sammakon ofis yake yi, matarsa ce ke haɗa abincin. Gwangwanin a kantar kicin yake zama saboda danshin ɗakin kaji. Ta rantse ba ta taɓa tsallake awon da ya nuna mata ba, ya kuma tsaya a kanta ranar hutu ya gani da idonsa.

Mahaifiyarsa, wadda ke zaune da su, tun farko ba ta so kiwon ba. A ganinta, mutumin da iska ke kaɗawa kamar karan dawa bai ga ta ciyar da tsuntsaye ba. Ta sha yi wa surukarta habaici kan girki, har ta karɓe haɗa masa shayin safe da hannunta.

Mai gidan abinci ya zo, ya leƙa ɗakin, ya tambaya ina iyayen waɗannan suke. Ya tafi yana dariya, kafin la'asar labari ya gama unguwa.

Dogo ya zura riga, ya tsine wa telan da ya matse masa ita, ya nufi shagon magungunan dabbobi. Mai shagon ya daɗe yana kallonsa kafin ya gane shi. A gaban masu sayayya Dogo ya kira shi macuci, mai sayar da toka a gwangwani. Yana cikin faɗa maɓallin rigarsa ya tsinke ya faɗa cikin buhun gero.

Mai shagon bai ɗaga murya ba. Ya nuna wata mata da ke jiran canji, ya ce daga kwali ɗaya ta saya, kajinta yanzu sai an ɗaga su da hannu biyu.

"To ni nawa ina ya tafi?" in ji Dogo.

"Wannan kuma sai ka tambayi gidanka."

Ya dawo yana haki, gumi na bin wuyansa. Ya zauna a kujerar tsakar gida, ta yi ƙara. Ya ce ya haƙura, gobe zai karyar da kajin, shi da dawa da gwangwani har abada. Matarsa ta san a kanta laifin zai sauka.

Tsohuwa ta dube shi tun daga kumatu har tumbi, fuskarta fal murna. Ta ja surukarta kicin, ta rage murya.

"Kada ki bari ya daina sayen garin nan. Su kaji, garin dawar da na cika musu gwangwanin ya ishe su. Na gaskiyar da nake zuba masa a shayi ne ya kusa ƙarewa."