Jirgin da Ba a Kawo Kotu Ba

"Ina kuɗin?" alƙaliya ta tambaya.

Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya dubi teburin shaida: karta da ta sha hannu, tsohuwar tabarma, ba ko sisi. Tsofaffi huɗu aka kamo da zargin caca a gindin dalbejiya a Dala, don wani maƙwabci ya ji ana cewa, "Na cinye ka!"

Ta juya ga babbansu. "Baba, me kuke sawa a wasan?"

Tsohon, wanda a da masunci ne, ya miƙe. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da bakin Tafkin Chadi, tun ranar da suka gudo daga su sai kayan jikinsu. Da ya lumshe ido sai ƙamshin bandar kifi ya cika kotun, ruwa ya fara lasar ƙafafun benci.

"Ranki ya daɗe, ni jirgina nake sawa. Shuɗi ne, na baro shi ɗaure a bakin ruwa. Wannan kuma gonarsa ta wake. Jiya na cinye ta, gobe in Allah ya yarda zai fanshe abarsa."

"Kuna iya zuwa can?"

"Kullum bayan la'asar muna can."

Ta daɗe tana rubutu. Sannan ta ce caca sai da dukiya, kuma babu hujjar da ta nuna akwai jirgi ko gona. Ta sallame su.

Jama'a suka ɗau kabbara. Shi kuwa yana tsaye, yana kallon ruwan na janyewa ta ƙarƙashin ƙofa, ya bar busasshen siminti.

"Ranki ya daɗe," ya ce a hankali, "ki ci ni tara. Amma ki rubuta jirgin yana nan."